Kafa Biyu

Ran Talata, da rana ta ɗan karya,
na hau kabukabu daga Mabera zuwa shagon Jabbi,
kuɗin ƙungiyar masu albasa ɗaure a ƙuguna,
tsohuwar kwamfutata rungume a ƙirji.
Shekara tara tana riƙe da lissafin Wurno da Gada
har fankarta ta koma tarin tsoho da asuba.

Jabbi ya goge gilashi da hannun riga,
ya kwantar mini da biyu.

Ta farko siririya, kamar kilishi.
Ya ce, "Malami, wagga ƙwaƙwalwatta walƙiya ta.
Kahin ka gama bisimilla ta buɗe,
batir ya kai ka isha ko ba a kawo wuta ba."
Na ɗaga ta, sai ka ce faifai.
Na juya haƙarƙarinta ina neman ƙofa:
kafa biyu kacal,
kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa a kwance ba.

Na ce, to ina firinta za ta shiga?
Ina filashin Marafa mai igiyar jar fata,
mai ɗauke da bashin mutum ɗari da sha ɗaya?
Ina wayar majigi
da nake haska wa manoma farashi a bango?
Ya ce, "Sai ka sai adafta."
Wato gida ne na alfarma,
amma zaurensa a aljihu ake yawo da shi.

Ta biyu kakkaura ce, nauyin kwanon gero,
kafofi jere a jikinta kamar rumfunan kasuwa,
kowane baƙo da masaukinsa.
Sai dai ƙwaƙwalwarta mai haɗama ce,
awa uku ta lashe batir ta nemi ƙari,
in zafin bazara ya sauka a kan kwano
ta yi ta huci, ta gasa maka cinya,
ta tsaya tunani a tsakiyar jimla.

Na tsaya tsakaninsu.
Me mai ƙirga buhu zai yi da walƙiya?
Amma me ƙofa goma za su yi mini
in ɗakin ya mutu kafin la'asar?
Ofishinmu, wuta baƙuwa ce,
ba ta sallama in za ta zo, ba ta bankwana.

Na ɗauki siririya.
Na biya kuɗin adafta, da zafin rai.
Na kai wa baduku ya ɗinka mata kube kamar laya,
na rantse ba za ta bar wuyana ba.

Ran taro a Wurno, mutum sittin kan tabarmi,
an tada janareta don majigi,
na shafa wuya.
Layar tana Mabera, rataye a ƙusar banɗaki.

Marafa ya miƙo filashi, na karɓa na riƙe,
kamar wanda aka ba makullin gidan da ya rushe.
Inna Ige, ma'ajiyarmu, ta dube ni ta saman tabarau,
ba ta ce komai ba. Gara ma ta ce.

Sai janareta ya yi tari, ya yi shiru.
Mai ya ƙare.

Ita kuwa siririya ido buɗe.
Na ɗora ta kan kifaffen turmi,
na shiga karanto farashi da baki, buhu bayan buhu,
suna matsowa, kai bisa kai, warin albasa da zufa,
har aka kira magariba
ba ta ko yi ɗumi ba.

Bashin Marafa dai ba a karanta ba ranar.
Na ga mutum uku suna murmushi a hanyar masallaci,
ɗaya har ya saya mini fura.